Hanyoyin Kawu: yadda na kwashe alamomin burauza zuwa rumbun bayanai

Kawu ba ya ce musu alamomi, ba ya kuma ce musu bukmak kamar yadda yaran shago ke faɗa. Hanyoyi yake kiransu. Ranar da abin ya faru, ya shigo shagonmu na Ƙofar Ƙaura bayan la'asar, ya jingine sandarsa, ya zauna gaban kwamfuta ta biyu daga bakin ƙofa, wadda ya saba zama a kanta shekara da shekaru. Ya buɗe Firefox, ya duba saman allo, ya sake dubawa, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗan nan, ina hanyoyina suka tahi?"

Kwana biyu kafin nan na goge kwamfutar ƙaf na sake zuba mata Windows, saboda bairos da ya shigo ta filashin wani ɗalibi. Na kwashe furojet ɗin mutane, na kwashe hotunan fasfo da takardun da aka bar mana ajiya. Alamomin burauza kuwa, wato adiresoshin shafukan intanet da mutum ke ajiyewa don ya koma musu, ko kusa ba su faɗo mini a rai ba. Firefox yakan ajiye kwafinsu da kansa a wata folda, har guda 15 yake riƙewa, amma foldar tana kan faifan da na goge. Na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya ɗauki sandarsa ya nufi masallaci tun ba a kira magariba ba. Da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ya koyar da tarihi a sakandare har ya yi ritaya. Tun daga nan ba shi da aikin da ya wuce bin sawun malaman Katsina na da: Wali Ɗan Marina, Wali Ɗan Masani, zuwan Shehu Magili ƙasar Hausa, Hasumiyar Gobarau da makarantar da ta kewaye ta. Duk inda ya ci karo da maƙala, ko kundin digiri, ko hoton wani tsohon rubutun hannu da ke ajiye a ɗakin karatu na Turai, sai ya danna tauraro. Wasu ya same su ne bayan awa uku yana lalube da gilashi a kan hanci. Abin da na goge ke nan.

A daren na zazzage durowar shago. Na yi sa'a na tarar da wani tsohon filashi mai ɗauke da fayil ɗin HTML na alamomin, wanda na fitar shekara biyu baya lokacin da muka canja faifai. Akwai kuma laftof ɗinsa ta gida mai Chrome, da wayarsa, da sauran kwamfutoci uku na shago da yakan zauna a kansu idan ya tarar da wani a kujerarsa. Wato hanyoyin ba su ɓace duka ba, sun dai warwatse wuri shida, kowane wuri da nasa rabon, wasu sun maimaitu, na shekara biyun ƙarshe kuma da yawa sun tafi ke nan.

Abu mafi sauƙi shi ne in buɗe masa asusu in kunna daidaitawar da burauzoji ke yi tsakanin na'urori. Ga mutum ɗaya mai laftof ɗaya da waya ɗaya, wannan ya wadatar, kuma shi nake ba kowa shawara har gobe. Amma kwamfutar shago ta kowa ce. Ba zan bar asusun Kawu a buɗe a inda mutum ashirin ke zama a wuni ba. Ban kuma so in miƙa ajiyar ga wani kamfani na waje ba, don na ga yadda irin waɗannan hidimomi ke rufewa: Xmarks ya rufe a 2018, Google Bookmarks a 2021, Pocket a 2025. Sukan ba da sanarwa kafin su rufe, amma dattijon da ba ya duba imel ba zai ga sanarwar ba. Ga shi kuma ba Kawu kaɗai ba ne. Ni ma ina da nawa, ƙanwata da ke karatun kiwon lafiya tana da nata, akwai kuma adiresoshin da shago ke buƙata kullum, na rajistar jarrabawa da na neman gurbin karatu, waɗanda kowane sabon yaro sai an sake nuna masa su.

Kafin in yanke shawara sai na leƙa in ga yadda burauzar kanta ke ajiye su. Firefox, tun fitowa ta 3 a 2008, yana zuba alamomi da tarihin yawo a fayil ɗaya mai suna places.sqlite. Na kwafo na wata kwamfutar, bayan na rufe burauzar don takan kulle fayil ɗin idan tana aiki, na buɗe shi. Ashe rumbun bayanai ne sosai, da teburorinsa. Tebur ɗaya, moz_places, yana riƙe da adiresoshin shafuka. Wani daban, moz_bookmarks, yana riƙe da alamomin, kowace tana nuni da lambar shafinta da lambar foldar da take ciki. Na daɗe ina kallon wannan rabuwar. Shafi abu ne guda, alamar da mutum ya sa masa abu ne daban. Duk ginin da na yi daga baya a kan wannan ya tsaya.

Na fara tunanin in ajiye fayil ɗin SQLite guda, wato irin rumbun da Firefox ke amfani da shi, a foldar da duk kwamfutocin shago ke gani. Masu SQLite da kansu sun yi gargaɗi a kan haka: kulle fayil ta hanyar sadarwa ba abin dogaro ba ne, mutum biyu suka yi rubutu lokaci ɗaya ana iya lalata shi. Abin da ake buƙata shi ne saba, wato manhaja guda da ke zaune a kan kwamfuta guda, ita kaɗai ke taɓa faifai, kowa kuma ya aiko mata da buƙatarsa ta jera su. Na zaɓi PostgreSQL, wanda asalinsa daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka ne, kyauta ne kuma. MariaDB ma da ya yi aikin. PostgreSQL ɗin ne na taɓa karantawa a makaranta, shi ya sa.

Akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a ƙarƙashin kanta wadda muka daina ba kwastoma saboda nauyinta. Na buɗe ta na busa ƙurar hunturu da ta cika fankarta, na zuba mata Debian, wani tsarin aiki a maimakon Windows, ba tare da allon zane ba, na ɗaura ta a kan inbatar shago. Ita ce sabar har yau.

Teburorin a takarda na fara zana su, a tsakar gidan Kawu, a kan tabarma. Tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970 bai da wuyar faɗa: a zuba bayanai a teburori, kowane layi da abin da ke bambanta shi da sauran, a haɗa tebur da tebur ta lambobin, kada a rubuta abu ɗaya a wuri biyu. Na zana teburin shafuka, na zana na mutane, na zana na alamomi wanda ke cewa wane ne ya ajiye wane shafi, yaushe, daga wace na'ura. Sannan na ce masa foldoji za su tafi, laƙabai za su maye gurbinsu.

"Mi ya sa?"

Na ce, "Kawu, Muhammadu al-Kishnawi a wace folda yake?"

Ya yi shiru, sannan ya yi murmushi, don ya san inda na dosa. Wannan malami Bakatsine ne, masanin lissafi da taurari, ya yi rubutu a kan hatimin lissafi, irin murabba'in da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya je hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. A laftof Kawu ya sa shi a foldar malaman Katsina. A shago ya sa shi a foldar lissafi. A waya yana ƙarƙashin hanyar hajji ta da. Duka ukun daidai ne, folda ce ba ta yarda abu ya zauna gida uku. A rumbu kuwa shafin layi ɗaya ne, laƙabai uku layi uku ne a teburinsu, sai wani ɗan tebur na biyar wanda ba shi da aiki sai haɗa lambar alama da lambar laƙabi. Ko laƙabi goma mutum ya so, layi goma ne a wannan ɗan teburin.

Ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada in zubar da sunayen tsofaffin foldojin, domin shi da wuri yake tuna abu, kamar yadda yake sanin inda kowane littafi yake a kantarsa ko da an ɗauke wuta. Sai na ƙara gurbi a teburin alamomi na ajiye tsohon mazaunin kowace, folda cikin folda. Na biyu shi ne wanda ban yi tunaninsa ba sam.

"Ina wurin da zan rubuta abin da ya sa na aje ta?"

Ya ce a zaure, idan malami ya ba ka littafi, yakan gaya maka babin da za ka duba da abin da za ka nema a ciki, da kuma inda marubucin ya yi kuskure. Adireshi kawai ba tare da wannan ba, in ji shi, kamar a nuna maka ƙofar gida ne ba a gaya maka wanda za ka yi wa sallama ba. Na ƙara gurbi na sa masa suna dalili. A yau idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da zan tsira da shi daga rumbun, shi zan ɗauka. Adireshi ana iya sake nemo shi. Abin da Kawu ya gani a cikin shafin, shi kaɗai ya san shi.

Kwasowar ita ta ci mini mako biyu, da daddare bayan an rufe shago. Na rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python, kashi uku, don tushen iri uku ne. Na Firefox ya fi sauƙi, tambaya ce ta SQL, harshen da ake yi wa rumbu magana da shi, daga tebur zuwa tebur, sai dai a tace layukan, domin a moz_bookmarks lamba 1 alama ce, 2 folda, 3 layin raba tsakani. Chrome yana ajiye nasa a fayil ɗin JSON, wani tsarin jera bayanai a rubuce, mai suna Bookmarks, ba shi da ko wutsiyar suna, folda cikin folda kamar ƙwarya cikin ƙwarya, sai shirin ya riƙa kiran kansa yana nutsawa. Na uku shi ne HTML ɗin tsohon filashi, wanda har yau layinsa na farko ke ɗauke da sunan Netscape, burauzar shekarun 1990. Duk manyan burauzoji suna fitar da shi suna kuma karɓarsa.

Da na gama zubin farko na jera alamomin bisa kwanan wata, sai na ga Kawu ya ajiye wani shafi a shekarar 2391. Na bi sawu na gano dalilin. HTML ɗin yana ƙirga daƙiƙoƙi daga farkon 1970. Firefox ma daga 1970 yake farawa, amma da ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa yake ƙirge. Chrome kuwa da wannan ƙaramin ma'aunin yake ƙirge, sai dai daga farkon 1601, irin ƙirgen Windows. Tsakanin 1601 da 1970 shekara 369 ce, ita ce ta hau kan 2022. Maganin shi ne a raba lambar Chrome ɗin da miliyan, a cire 11644473600, sannan a miƙa wa rumbu. Na rubuta wannan lambar a bangon kanta da alli, tana nan.

Sai maimaici. Na ce wa rumbun kada ya karɓi adireshi ɗaya sau biyu a teburin shafuka, idan ya ci karo da wanda yake da shi ya wuce kawai, abin da PostgreSQL ke yi da ON CONFLICT DO NOTHING. Nan take ya ƙi wani layi, ya ce ya fi ƙarfin fihirisa, wato jerin da yake dubawa don gane abin da yake da shi. Irin fihirisar da yake amfani da ita ba ta ɗaukar abin da ya wuce bayit 2704, kusan sulusin shafin ajiyarsa mai 8 KB, ga shi kuma wani adireshin sakamakon bincike yana da jela mai tsawon gaske. Sai na ɗora fihirisar a kan md5 na adireshin, wato gajeren tambarin da ake lissafowa daga rubutu, wanda kullum harafi 32 ne komai tsawon asalin.

Amma maimaicin gaske ba wannan ba ne. Shafi ɗaya yakan zo da riga iri-iri: da http da https, da www da babu, na waya mai m a gaba, ga kuma jelar da ake liƙa masa don bin diddigi, irin utm_source ko fbclid idan daga Facebook aka biyo. Na ga duk jelolin suna zuwa ne bayan alamar tambaya, sai na ce a datse duk abin da ke bayanta. Na duba sakamako, bidiyoyin YouTube sama da ɗari biyu, tafsirai da laccoci da hirarrakin tarihi, sun dunƙule sun zama layi ɗaya. A YouTube abin da ke bayan alamar tambayar shi ne sunan bidiyon kansa. Abin da ya cece ni shi ne na fara aikin da BEGIN, umarnin da ke sa rumbu ya riƙe canji sai an tabbatar, ban kuma tabbatar da shi ba tukuna. Na rubuta ROLLBACK, komai ya koma yadda yake kamar ba a taɓa ba. Na ɗan jima zaune ina hamdala. Wanda ya taɓa goge abin wani ba tare da hanyar dawowa ba ya san darajar wannan kalmar. Daga nan na yi jerin jelolin da na tabbatar na bin diddigi ne, su kaɗai ake cirewa, kuma asalin adireshin yadda mutum ya ajiye shi yana nan a gurbinsa ba a taɓa shi.

Layi dubu huɗu da 'yan kai suka shigo, suka tsaya a shafuka kusan 2,600.

Akwai abin da ban shigar ba, da gangan. Kwamfutocin shago cike suke da alamomin kwastomomi: shafin sakamakon jarrabawar wani, takardar biyan kuɗin makarantar wata, wasu ma da lambar shiga a jikin adireshin, wanda duk ya danna ya shiga. Waɗannan amana ce da masu ita ba su ma san sun bari ba. Na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya na goge, daga rumbun da kuma daga burauzojin. Tun daga lokacin kwamfutocin kwastoma a yanayin baƙo suke buɗewa, ba sa riƙe komai bayan an tashi.

Wahalar da ta fi ba ni sha'awa ta harshenmu ce. Farko dai alamar ɗauri. Shirin nawa na farko yana haɗa jimlar SQL ne ta hanyar liƙa rubutu, ita kuma SQL da wannan alamar take gane farkon magana da ƙarshenta. Take na farko mai kalmar jami'a ya karya shi. Ma'aikata, Alƙur'ani, 'Yar'aduwa, sana'a, ko'ina akwai ta a Hausa. Wannan ramin shi ne dai wanda ɓarayin intanet ke bi su cusa wa rumbu umarnin da ba a so, don haka Hausa ta tilasta mini gyaran da ya kamata in yi tun farko: a miƙa wa rumbu jimla daban, bayanai daban, shi ya haɗa su.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Rumbun a UTF-8 yake, tsarin da ke ɗaukar haruffan harsuna daban-daban, don haka ɓ da ɗ da ƙ sun zauna lafiya, haka ma taken Larabci. Matsalar a nema take. A wurin kwamfuta ƙ da k ba su haɗa komai ba. Kawu zai rubuta kasar Hausa a akwatin nema, don allon rubutun shago ba shi da ƙ, shafin kuma an rubuta ƙasar Hausa, sai a ce babu. Wasu shafukan k' suke rubutawa. Na Nijar, waɗanda yake bi saboda tarihin Katsinawan Maraɗi, suna rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y. Sai na ƙara gurbi na musamman don nema, inda ake mayar da kowane take ƙananan haruffa, a sauya masu lanƙwasa zuwa b, d, k, y da umarnin translate, a cire alamar ɗauri miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya. Abin da mutum ya rubuta a akwatin nema ma haka ake yi masa kafin a gwada. Na san ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne, ɓari da bari ma haka. A wajen nema dai gara a kawo maka biyun ka zaɓa da a ce maka babu. Taken da ake nunawa a allo yana nan da lanƙwasarsa.

Sunan garin kansa ma sai da ya samu tebur. Klafaton, Baturen Birtaniya da ya ratso nan a 1824, Kashna ya rubuta. Barth na Jamus, wanda ya zo a 1851, Katsena ya rubuta. A littattafan Larabci nisbar takan zo al-Kashnawi ko al-Kishnawi ko al-Katsinawi idan an mayar da ita boko. Wannan sanin ba a kwamfuta yake ba, a kan Kawu yake. Ya riƙa faɗa ina rubutawa, muka yi teburin takwarorin suna mai gurbi biyu kacal. Yanzu wanda ya nemi Katsina, duk za su fito masa.

Burauza ba ta magana da PostgreSQL kai tsaye, sai da ɗan tsani. Na yi shafi guda da Flask, wani kayan aikin Python na gina shafuka, akwatin nema a sama, sakamako a ƙasa, da wani shafin na ƙara sabuwar alama. A kowace burauza na ajiye alama ɗaya tak a saman allo, wadda a maimakon adireshi ɗan umarnin JavaScript ne a cikinta: idan aka danna, sai ta ɗauki adireshi da taken shafin da ake kai ta buɗe fom ɗin ajiya da su a cike, saura laƙabi da dalili. Na rubuta mata suna da manyan baƙi, AJE HANYA. Da farko na buɗe ƙofar rumbun, lamba 5432, ga duk kwamfutocin shago. Daga baya na ga babu mai buƙatarta sai shafin Flask da ke kan kwamfuta ɗaya da shi, sai na mayar da ita yadda ta zo, ba ta sauraron kowa sai na cikin gida. Kowa da kalmar sirrinsa a shafin, Kawu yana ganin nasa da na shago, ba ya ganin na ƙanwata.

Sati na farko, wata safiya, shafin ya ƙi buɗewa. An ɗauke wuta da dare, inbata ta ƙare, da rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin shago, ta tashi sai ta ba sabar wata lambar adireshi daban. Na shiga rautar na keɓe mata lamba ɗaya ta dindindin. Rumbun kansa bai yi ko gezau ba, domin PostgreSQL yakan rubuta kowane canji a wani kundi na gefe kafin ya taɓa teburorin, idan ya farfaɗo sai ya bi kundin ya ƙarasa. Duk da haka ban dogara da wannan kaɗai ba, faifan tsoho ne, zafin bazara a Katsina kuma yakan haura digiri 40. Kowane dare pg_dump, manhajar kwafe rumbun, yana fitar da kwafi, kowace Juma'a ina ɗaukar ɗaya a filashi in kai gida. Sau ɗaya a wata nakan zuba kwafin a laftof ɗina in tabbatar yana tashi. Akwai kuma maɓallin da ke fitar da komai a tsohon tsarin HTML ɗin nan na Netscape, don ko ba na nan, ko sabar ta mutu, kowane yaron shago zai iya zuba wa Kawu hanyoyinsa a kowace burauza.

Abu ɗaya rumbun ba zai iya ba, kuma sai da na zaunar da Kawu na yi masa bayani. Adireshi yake ajiyewa, ba shafin ba. Na rubuta wani shirin da ke bin adiresoshin da tsakar dare, lokacin da data ke da rangwame, yana ƙwanƙwasa kowanne yana rubuta amsar: 200 yana nan, 301 ya ƙaura, 404 babu shi. Amsar ba kullum take gaskiya ba. Wasu shafukan sukan ƙi kula shiri alhali suna buɗe wa mutum, wasu kuma sukan amsa da 200 alhali gidan ya zama na talla. Amma waɗanda suka mutu da gaske suna da yawa, musamman na tsohon filashi: kundayen digiri da aka sauya musu mazauni, maƙalolin jaridun da suka sake gini. Ban goge ko ɗaya ba. Na sa musu shaida, na liƙa wa kowanne maɓallin da ke nemansa a Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke ajiye hoton shafuka tun 1996. Wasu mun same su a can. Yanzu duk abin da Kawu ya ce mai muhimmanci ne, idan PDF ne muna sauke shi a ranar, rumbu ya riƙe sunan fayil ɗin kusa da adireshinsa.

Gurbin dalili kuwa babu shirin da zai cike shi. Bayan la'asar, idan shago ya lafa, yakan zauna a kujerarsa in ja tawa kusa, in buɗe alama, ya duba, ya faɗa, in rubuta. Mukan yi ashirin, wata rana goma idan labari ya ja. Wani ya ce a rubuta: marubucin ya haɗa Ɗan Marina da Ɗan Masani wuri ɗaya, a yi hattara. Wani ya ce: hoton Gobarau kafin gyara. Wasu yakan ce in bar su fanko, bai tuna ba.

Ranar Laraba da ta wuce muka iso wata alama, shafin kundin wani ɗakin karatu na ƙasar waje, bayanin wani rubutun hannu na Larabci ba tare da hoto ba. Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai ce in wuce.

"Wannan ba ni na samo ta ba," ya ce. "Abokina na Daura ya turo mini, wanda muka yi makaranta tare. Ya ce in duba ko hannun mutanenmu ne. Ban kai ga ba shi amsa ba Allah ya yi masa rasuwa."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ya ce amin. Na tambaye shi me zan rubuta a dalili.

"Rubuta yadda na hwaɗa maka. Kuma akwai irinta da yawa, ba duka ni na samo ba. Ka yi musu wuri."

Da ya tafi masallaci na ƙara wa teburin alamomi gurbi ɗaya, na sa masa suna wanda_ya_turo. A daren layi ɗaya ne kawai ke da rubutu a cikinsa. Washegari ya zo da wata tsohuwar ajanda mai sunayen abokansa, muka koma lamba ta ɗaya.